Kafson da Inna ta ba kaji

Yaya Bara'atu,

Na bi motar farko zuwa asibiti Gusau, ban so in tashe ki ba. Zafin fitsarin nan ya dawo, har da zazzaɓi.

Likita ya ce in shanye kafson duka, amma ban samu ba. Da Inna ta ga na miƙe ina daka, sai ta ɗauka na warke. Ta fasa sauran ta zuba wa kaji a ruwa, wai suna gyangyaɗi. Ina kallo, na kasa gaya wa surukata irin ciwon.

Ke 'yarta ce, don Allah ki yi mata bayani a hankali kafin in kawo sabo.

Kajin dai sun warware, saura ni.

Hafsatu