Zuciya Ta Amsa, Jiki Ya Yi Shiru

Zuwa ga matata, hasken idona, inuwar da nake fakewa, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa,

Tun da kika koma gidan Baba, ɗakinmu ya zama kango. Ɗankwalinki na nan rataye a bayan ƙofa, na kasa taɓa shi, kada ƙamshinki ya tashi shi ma ya bar ni!

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagona da tabaranki a hannu, ƙafarsa ɗaya ta karye? Na gyara, na ɗora miki a fuska, kika ƙare mini kallo kika ce, "Ashe haka kake? Da na sani da na bar shi a karye." Dariyarki ta cika shagon. Ni kuwa na karɓe shi na yi ta murɗa sukurun da ya riga ya ɗauru, don kada ki tafi.

Wallahi son nan bai ragu ba. Amma abin da mace ke jira daga mijinta, na kasa ba ki. Kin tsaya gaban madubi kina neman aibinki. Wane aibi, farin watana? Kin yi zargin akwai wata. Wace ce ita? Sha'awar da maza ke labari ban taɓa jin ta ba, a kanki ko a kan kowa. Kawu ya ɗura mini magunguna, likita ya ce lafiyata ƙalau. Na ɗauka aure zai kawo ta, bai kawo ba.

Cikin kuka kika ce, "Ashe ƙanwa ka ɗauke ni." A'a, masoyiyata! Ina da ƙanne, babu wadda jin takunta ke sa gabana faɗuwa, babu wadda nake kishi, babu wadda nake roƙon Allah in tsufa kaina a kafaɗarta. Wannan ba so ba ne? To mene ne sunansa?

Jiya yayanki ya zo, ya ce Baba na jiran takardar saki. Kina son 'ya'ya, haƙƙinki ne, ba zan tsare ki ba. In daga bakinki maganar ta fito, zan rubuta, ko da hawaye zai jiƙa ta. Roƙona ɗaya ne: duk inda kika je, kada ki ce ba a so ki ba. An so ki da duk abin da Allah Ya ba ni, ban rage komai ba.

Naki har ƙarshen numfashi, ko da an daina kirana mijinki.