Hannun Baba

Litinin, 3 ga Maris

Rediyo ta fara wani shiri da safe. Suna ɗauko tsofaffin 'yan majalisar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, su karanta dokokin da kowa ya goyi baya da waɗanda ya ƙi. Yau na Baba aka karanta. Ina wanke masa ƙafa na ji sunansa, sabulun ya suɓuce mini. Shi kuwa murmushi ya yi, wai ya san mutumin nan. Allah sarki. Tun da ciwon mantuwa ya kama shi, ko sunana sai ya ga dama.

Dokar rufe ƙananan asibitocin unguwa suka fi nanatawa. Wai ya ɗaga hannu.

Talata, 4 ga Maris

An farfasa motar wani da suka yi majalisa tare. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na sa wa ƙofar gida kwaɗo.

Alhamis, 6 ga Maris

Baba ba ya wanka, ba ya shan magani, sai an yi masa zaman majalisa. Gwaggo ce shugaba, da ludayi take buga tebur. Ta ce, “Masu goyon bayan a sha magani?” Ni ina damansa in ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga, ya haɗiye abinsa salin-alin. Da har dariya muke yi.

Yau ban yi dariya ba. Akwai wani mutum a tsallaken titi, jingine da kekensa, yana kallon ƙofarmu. Ba zagi, ba jifa. Kallo kawai.

Asabar, 8 ga Maris

Mai keken ya dawo. Mai kantin kusa da mu ta ce matarsa ce ta rasu da naƙuda a hanyar babban asibiti, bayan an rufe na unguwarsu.

Na kira Yayana da ke wani gari, ya ce in kwantar da hankalina, zai gaji ya tafi. Daga nesa kenan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, Baba ya hango shi ta taga. “Mutanena sun zo, miƙo mini hulata.” Da ƙyar na lallashe shi.

Lahadi, 9 ga Maris

Ko cokali ya faɗi sai in leƙa taga. Makullin yana ɗaure a gefen zanina.

Baba ba mugu ba ne. Dole akwai dalili, wataƙila sun ga abin da mu ba mu gani ba. Na tambaye shi, ya ce in kawo a rubuce.

Laraba, 12 ga Maris



Mai kawo gas ya fita bai ja ƙofa ba, ni kuma ina shanya a baya. Ihun Gwaggo na ji. Ko da na fito, Baba ya tsallaka titi, ba takalmi, hula a karkace, yana miƙa wa mai keken hannu. Ban san lokacin da na isa ba. Hannuwan mutumin na fara dubawa. Ba komai a ciki.

Na ce, “Malam, don Allah, ba shi da lafiya.”

Ya ce, “Ba dukansa zan yi ba, 'yar'uwa. Tambaya ɗaya ce ta hana ni barci.” Sai ya dubi Baba. “Ranka ya daɗe, an ce a rufe asibitinmu, kai kuma ka yarda. Me ya sa?”

Baba ya gyara tsayuwa kamar an buɗe zama. Bai kalli mutumin ba. Ya waiga damansa, inda nake, ya dubi hannuna. Ni kuwa na ɗaga shi ne ina roƙo, ina tare shi. Sai shi ma ya ɗaga nasa, har sama, yana murmushi.

Mutumin ya kalle ni, ya kalle shi. Ya ce, “Ashe haka aka yi.” Ya hau kekensa ya tafi. Wallahi da mari ya yi da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 14 ga Maris

Bai dawo ba. Ya kamata in ce alhamdulillahi, kuma na ce.

Na ba Gwaggo labari. Ko a jikinta. Wai ai haka yake tun yana majalisa, jagoran jam'iyya a damansa yake zama, har a talabijin ana gani. “Sai yau kika lura?”

Da safe ta buga ludayi kamar kullum. Ban ɗaga hannu ba. Kofin ruwa nake riƙe da shi, shi ke nan, ba wani abu ba. Baba ya waigo ya dubi hannuna, nasa a tsaye rabin hanya.

Ya daɗe yana jira.