Kuskuren Kawu Vukašin

Litinin, 4 ga Maris

An sake dawo mana da kwamfutocin hannu shida daga masu motar ɗaukar marasa lafiya. Ƙorafin dai ɗaya ne: idan an yi sanyi, allo yakan daskare na daƙiƙa huɗu ko biyar, daidai lokacin da ma'aikaci ya buɗe zanen bugun zuciya. Wata ma'aikaciya ta rubuta a takardar ƙorafin cewa ta tsaya tana kallon allon, mutum na kwance a gabanta. Predrag, shugaban sashenmu, ya ajiye su a teburina ya ce nawa ne, tunda babban injiniyanmu, wanda muke kira Kawu Vukašin, ba ya nan.

Wata na biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye.

Laraba, 6 ga Maris

Na saka guda biyu a firjin ofis, kusa da cukun wani. An yi ta tsokanata. Bayan awa ɗaya duka biyun suka daskare a hannuna.

Alhamis, 7 ga Maris

Na gano. Da ma ban gano ba.

Ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke zana hoto a allo takan rage gudu idan ba ta da aiki, don batir ya daɗe. Idan aiki ya zo, dole a fara ƙara mata ƙarfin wuta, sannan a ƙara gudu. Manhajarmu ba ta tambaya ko wutar ta kai. Takan jira ɗan lokaci ƙayyadadde, sai ta ɗauka ta kai. A ɗumi hakan ya isa. A sanyi wutar takan makara.

Layi uku ne a cikin manhajar. Na duba tarihinsu, shekara tara ke nan, sunan Kawu ne a kai. Mutumin da ya ɗauke ni aiki ina fitowa daga jami'a, ya zaunar da ni ya koya mini karanta irin waɗannan layukan.

Juma'a, 8 ga Maris

Predrag ya ce a kulle ƙwaƙwalwar a kan cikakken gudu kawai, babu hawa babu sauka, babu rahoton da zai ambaci kowa. Na ce batirin zai mutu a awa uku maimakon takwas, su kuwa yini suke yi a hanyoyin ƙauye.

"Rada, mutumin ko cokali ba ya iya riƙewa," in ji shi. "Ke za ki je ki gaya masa?"

Na koma na rubuta gyaran: manhaja ta tambaya, ta jira sai wuta ta ce ta kai.

Lahadi, 10 ga Maris

Na je. Na hau bas na ƙetare kogin Dunav zuwa gidan Kawu da burek, gurasar nan mai nama a ciki, a leda, kamar mai zuwa gaisuwa kawai. Matarsa, Inna Slavka, ta dafa kofi ta bar mu a falo. Ya rame. Magana tana fita da ƙyar, gefen bakinsa ya karkace.

Na yi ta kewaye-kewaye, labarin ofis, labarin firji. Ya ce, "'Yata, ba burek ya kawo ki ba."

Sai na faɗa. Duka, har da takardar ma'aikaciyar nan. Ya daɗe yana kallon taga. Ya tambaya ko wani ya mutu. Na ce ba mu ji ba. Ya ce rashin ji daban, rashin faruwa daban. Daga nan Inna Slavka ta leƙo ta yi mini alama da ido in tafi.

Na yi kuka a tashar bas. Wata tsohuwa ta miƙo mini hankici.

Talata, 12 ga Maris

Shiru.

Alhamis, 14 ga Maris

Inna Slavka ta kira ni da hantsi, wai ya hana ta sakat tun Litinin, sai da ta ɗauko masa kwamfutarsa daga saman kabad. Da hannun hagu yake dannawa, yatsa ɗaya. Ta ba shi wayar.

"Gyaranki," ya ce, ya tsaya ya huta. "Idan wutar ba ta amsa ba fa? Haka za ki zauna jira har abada, kamar mai layin asibiti?"

Gaskiyarsa. Ban sa wa jiran iyaka ba. Da wani abu ya lalace, da allon ya mutu gaba ɗaya, ba daƙiƙa huɗu ba. Kunya ta kama ni, ga kuma wani daɗi da na rasa inda zan sa shi. Ya ce in gyara, kuma in rubuta a rahoton cewa layukan farko nasa ne, da cikakken sunansa. Na fara musu, ya kashe wayar.

Talata, 19 ga Maris

Kwana uku a firji, sau dubu goma sha biyu ana hawa ana sauka, babu daskarewa ko ɗaya. An tura wa motocin gyaran.

Da rana saƙon Kawu ya shigo wa dukan sashen. Layi biyu, cike da kuskuren dannawa. Ya cire sunansa daga matsayin mai kula da wannan manhaja, ya sa nawa. Predrag ya zo ya tsaya a bayana, ya koma.

Ban so ba. Ba ta wannan hanyar ba.

Talata, 2 ga Afrilu

Ruwa tun safe. Wani injiniya daga kamfanin da ke ƙera mana ƙwaƙwalwar ya turo canji, yana so a riƙa rage gudu da wuri fiye da yanzu. Na karanta, na ga zai sa allo ya riƙa ƙyaftawa, na mayar masa da dalilai uku. Minti ashirin.

Sai da na tashi cin abinci na lura ban tsaya tunanin abin da Kawu zai ce ba. Wataƙila gajiya ce.

Ranar Lahadi zan je. Inna Slavka ta ce ya fara riƙe kofi da kansa.