Fensir a Kan Ƙarfen Jirgi

Tegal, 9 ga Maris

Zuwa ga 'yata Ningrum,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da jikana. Tarin nasa ya sauka? Mu nan lafiya, sai gwiwar babanki da ke motsawa in an yi ruwa.

Nduk, 'yar lelena, takarda na zaɓa don in na kira ki a waya babanki zai ji. Kin san wata goma sha huɗu ke nan yana fama da shirin nan da ya haɗa ƙananan maƙeru da jami'a da kamfanin jirgin sama na Bandung. Gwamnati ta ba da inji, jami'a ta turo wata malama, Bu Hesti, tana koya musu awo da tsafta. Mutumin da ya shekara talatin yana ƙera kayan babur ya koma ɗan aji. Yanzu ya gama samfuri arba'in, 'yan ƙarafunan alminiyum masu riƙe waya a cikin jirgi. Ran ashirin ga wata za a kai su gwaji. In sun ci, ma'aikatansa tara sun sami aiki mai ɗorewa.

Ga abin da na yi. Ran Asabar na kai musu shayi maƙera, na tarar sun tafi azahar, kayan na jere a tebur, duk kamarsu ɗaya. Na ce kada su rikice. Na ɗauko fensirina na ajin yaƙi da jahilci, na rubuta wa kowanne lamba a ƙarƙashinsa, ɗaya zuwa arba'in, ko kuskure ɗaya ban yi ba. Ina kwashe kofuna suka dawo tare da Bu Hesti, ta zare fensir daga kunnen Pak Kasno, babban ma'aikacinmu. Ta ce, "Wannan a bar wa kafinta. Baƙinsa yana cin ƙarfen nan a hankali, sai bayan shekaru ya tsage a sama."

Da suka fita la'asar na goge duka da tsumma da sabulu. Ido ba ya ganin komai. Amma ni na sani. Me zan yi?

Mahaifiyarki,
Sumirah

Tegal, 2 ga Afrilu

'Yata Ningrum,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Takardarki ta iso, na karanta sau uku. Kin ce tunda ya gogu in yi shiru, kada in zubar wa babanki wahalarsa. Na san don shi kika faɗa. Na gwada, kwana huɗu.

Ran da za a ɗaure kayan, Bu Hesti ta kawo takardar da babanki zai sa wa hannu cewa babu abin da ya taɓa su sai wanda aka amince da shi. Ya ɗaga biro yana dariya, ya ce mini, "Bu, uwargida, zo ki ga sunan mijinki zai hau jirgi kafin shi." Ban iya barinsa ya sa hannu a kan abin da bai sani ba. Na faɗa, a gaban kowa.

Pak Kasno ne ya fara magana. "Haba Bu Sumirah, da a haruffa malamarku ta tsaya, ba ta kai ku lamba ba!" Babu wanda ya yi dariya. Bu Hesti ta ce sabulun ma matsala ne, kayan ba za su tafi ba. Ta rubuta wa Bandung duk yadda aka yi. Ba su cire mu ba, amma gwaji na gaba sai Satumba. Pak Kasno ba zai iya jira ba, ya tafi garin Cikarang neman aiki. Matarsa ta daina amsa gaisuwata a kasuwa, kuma ban ga laifinta ba. Har yau in na tuna 'ya'yansa sai in rasa ko daidai na yi.

Babanki ya yi kwana uku yana cin abincina ba ya kallona. Shekaranjiya ina shanya na ji injin ya tashi. Can ya leƙo ta taga, ya ce, "Bu, na farkon sababbin ya fito. Zo ki gani, amma hannu a baya."

Na je na gani. Ya yi kyau, Nduk.

Ki gai da mijinki, ki shafa mini kan jikana.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Sumirah