Gida Ɗaya a Kan Tudu

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na rubuto ne don kin san kunnena da waya ba sa shiri.

Na tare a sabon gidan kan tudu. Ɗaki biyu ne da tsakar gida. Rufin ba ya yoyo, ƙofar ce dai sai da na cire na sake gyarawa, wanda ya yi ta bai iya aikin katako ba. Layinmu duk filaye ne a yanke, kowanne da turakunsa da lambarsa, amma ni kaɗai ne mutum a ciki. In na yi tari, ni nake yi wa kaina sannu.

Ranar da na kwashe kaya daga bakin kogi ba wanda ya kama mini ko kujera. Kowa ya tsaya a ƙofar gidansa, kusa da jan fentin da ofishinku ya shafa masa a bango, yana kallo. Mai aski ne kawai ya yi magana. Ya ce, "Kafinta, 'yarka ta ja mana layi, kai kuma ka fara tsallakewa." Tun muna samari muke zama benci ɗaya da shi.

Kayan marigayiya mahaifiyarki suna ɗaki na biyun. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

*

Baba,

Ina gaishe ku da ladabi, ina yi muku barka da tarewa. Na so a ce ina nan, sai ga wannan canjin wurin aiki da ya nesanta ni.

Ku yi haƙuri da mutanen unguwa. Mun auna ƙasar, mun duba inda ruwa ya taɓa kaiwa. Unguwarmu a kan hanyarsa take, gine-ginen da aka yi a sama kuma sun toshe masa sauran mafita. Shi ya sa aka tsara a bar bakin kogin fili, a dasa itatuwa, mutane su hau tudu. A taron da muka yi da su aka ce mini, "Fara tayar da ubanki tukuna." Shi ya sa na roƙe ku, kuka amsa ba tare da kun tambaye ni komai ba. Na san abin da na ɗora muku.

Da damina ta kama za su biyo ku. Ku riƙa shan maganinku.

'Yarku, Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Damina ta zo ta wuce, kogi bai haura ba. Yanzu a unguwa sunana Mai jiran ruwa.

Na sauka na ga tsohon gidanmu. An rushe shi, an dasa 'yan itatuwa da ba su kai gwiwata ba. Na daɗe a tsaye ina neman inda ɗakin mahaifiyarki yake, ban gane ba.

Daga nan na shiga shagon Mai aski, don kaina ya cika. Ya yafa mini ƙyalle, ya ce, "Ya mutanen sama? Kun fara sassaƙa jirgin?" 'Yan shagon suka yi dariya, ni ma na yi. Ya aske ni tsaf yadda ya saba, amma bai ce in zauna a yi hira ba. Na lura bangonsa ya jiƙe daga ƙasa, filastar tana zubowa. Gidan ƙarshen layi kuma gaɓar kogi ta cinye masa banɗaki. Ba mai maganar.

A nan da yamma nakan fito da kujera biyu, ban san dalili ba. A gaida yara.

Mahaifinki

*

Baba,

Na karanta wasiƙarku a ofis, sai da na rufe ƙofa. Ban taɓa cewa bana ruwan zai zo ba. Zai iya zuwa baɗi, zai iya jinkirtawa har jikokinku su girma. Wannan ne ban iya fahimtar da kowa ba, ga shi ku kuke shan wahalar.

Ku rufe gidan ku taho wurinmu. Maigidana ya ce ɗakin baƙi naku ne. Don Allah kada ku ce a'a.

'Yarku

*

Auta,

Ki gode wa maigidanki, amma ba zan zo ba. In na rufe gidan nan, maganarki ta mutu a garin nan, kuma ni ban ga ƙarya a cikinta ba.

Sai dai ki faɗa wa mutanen ofishinku wani abu. Famfon da suka ce za a kawo bai zo ba, ba makaranta, ba ko mai sayar da gishiri. Mace mai goyo ba za ta hau tudun nan da jarka a ka ba. Masu ƙin tasowa ba duka ne masu taurin kai ba. Ni ma tun da na zo ba wanda ya kawo mini gyaran ko ƙafar tebur.

Jikina da ɗan nauyi kwanan nan, amma ba komai. Ki kwantar da hankalinki.

Mahaifinki

*

Auta,

Ni ne Mai aski, baffanki na bakin kogi. Ina gaishe ki.

Na ga lokacin askin mahaifinki ya wuce bai sauko ba, sai na hau. Na tarar da shi a kwance da zazzaɓi, randa ba ruwa. An kai shi asibiti, yanzu ya dawo, yana ci yana tashi. Ya ce kada in faɗa miki, na ce shi ba ubana ba ne.

Har gobe ban yarda da layinki ba, kuma gidana yana nan inda yake. Na dai kawo tabarmata da kayan aikina nan, kafin ya ji ƙarfi. Kada ki rubuta a takardunku cewa na tare. A tudun nan kai ɗaya ne na askewa, shi ma rabinsa sanƙo.

Ki matsa musu maganar famfon. Ni nake ɗebo ruwa yanzu, bayana kuma ba na yaro ba ne.

Baffanki