Zane Biyu a Gilashin Motar Ammi Siraju

Assalamu alaiki, ya Innata.

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata ƙasar Jidda ta yi miki sauƙin da mutanenta ba su yi miki ba. Na san ba ki iya karatu ba. Ni ma ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, a jikin allunan shagunan Bab Makka na tsinci baƙaƙena. Abokaina na wurin mai shayi za su karanta wannan, su kai ta inda za su kai. So nake ta kai.

Inna, na fara koyon rubutun Japan. Kada ki ce na haukace. Kafilinmu, wato ubangidan da takardun zamanmu ke hannunsa, Ammi Siraju, wanda kika yi wa wanki a gidansa na Bagdadiyya har yatsunki suka kanannaɗe, yanzu motocin Japan yake shigowa da su. An turo masa bakanike daga can, wani ɗan tsamurmurin dattijo da muke kira Mai Ruku'u, don ko ɗan dako ya gaishe shi sai ya rusuna. Ni nake ɗauko shi daga masaukinsa a Abhur, bakin teku, kullum da safe.

Iskar teku takan bar laima da gishiri a gilashin mota. Wata safiya kafin in goge, ya sa yatsa ya yi zane biyu: 人. Ya nuna ƙirjinsa, ya nuna nawa. Mutum ke nan a rubutunsu, a yarensu wai hito ake cewa.

Na ce wannan ai wasa ne. Na fara daga dama, yadda duk wanda ya buɗe ido da Larabci zai fara, na yi su tsawo ɗaya kamar an kifa lam'alif. Ya goge. Na sake, ya goge. Har na zage shi da Hausa, shi kuwa ya rusuna mini. Sai ya kama hannuna: dogon ake fara ja, daga sama ya zubo hagu. Gajeren daga baya yake zuwa, ya shiga ƙarƙashin dogon ya tokare shi. Ya haɗa tafukansa yana murmushi, wai haka mutane suke, wani ya jingina da wani.

Ni ban yi murmushi ba. Na ga wanda ya jingina, na kuma ga wanda aka jingina da shi. Ke na gani.

Ke kika hau benen Ammi Siraju da garwar ruwa. A bayanki 'ya'yansa suka yi barci. Da tari ya kama ki, ya ce a naɗe miki tabarmarki kada ki shafa wa yara. "Shi ke nan, ta tsufa," haka ya faɗa, ina tsaye. Ranar da numfashinki ya sarƙe a ɗakin kwanon da muka kama, na roƙe shi mota in kai ki asibiti, motar da ni nake tuƙawa. Ya ce sabuwa ce. A amalanke na tura ki cikin rana, kina ba ni haƙuri wai kin yi mini nauyi. Ba ki da nauyi, Inna. Kan mu isa kin yi shiru. Bai zo jana'iza ba, ya aiko a tambaya ko na wanke motar.

To ga labarin da ban ba ki ba. Ɓarin jikinsa ya shanye. 'Ya'yan da kika goya suna ƙyamar ɗaga shi. Ni nake sauko da shi daga bene, ni nake kai shi banɗaki, hannunsa a wuyana, yawunsa a kafaɗata, yana "yalla ya walad", wato maza kai yaro, da rabin baki. Ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai ni, wai hannuna irin naki ne.

Kin sha gaya mini, "Sani, ka haɗiye, mu baƙi ne." A nan aka yanke mini cibiya, amma na haɗiye har maƙogwarona ya yi kanta. Iƙamata, takardar izinin zamana, tana hannunsa. In na tafi zai iya sa a loda ni a jirgin ruwa zuwa ƙasar da a bakinki kawai na san ta. Na auna, na yarda.

Ba zan ture shi ba, kada ki ji tsoro. Ba haka kika rene ni ba. Ranar Juma'a zan yi masa wanka, in sa masa farar riga, in fesa masa turare, in tsayar da shi a bakin matakala, in ɗora hannunsa mai lafiya a bango. In gaya masa sunanki, cikakkensa, don ban taɓa jin ya faɗa ba. Sannan in matsa gefe in sauka.

Allah ya jiƙanki, Innata, ya sanyaya makwancinki, ya ba ki gidan da ba mai ce miki tashi. Shi kuwa ban roƙa masa mutuwa ba. Allah ya ja kwanansa, ya bar masa hankalinsa garau da kunnensa, ya daɗe yana kira daga saman benen nan yana jin gidan shiru.

Ɗanki,
Sani