Na Kai Ƙarar 'Yata Kan Jikokina, Ta Ce Na Fara Ruɗewa

Salamu alaikum, Anti mai wannan fili. Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta har ƙarshe ko da na yi ta kewaye-kewaye, domin ba ni da wanda zan gaya wa wannan maganar ban ji kunya ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin jinya a ɗakin yara kafin na yi ritaya. 'Yata ɗaya tal a duniya. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku ba ya gida. Ita kuma tana aiki a wani kantin kayan gini, daga takwas na safe zuwa shida na yamma. Yaransu biyu: mace 'yar shekara biyar da muke kira Aku saboda surutu, da ƙaninta Lukuti, ɗan shekara biyu da rabi. A da ni nake riƙe su da rana. Da suka koma wani bene a ɗaya gefen gari, sai ta ce kada in wahalar da gwiwoyina, akwai maƙwabciya mai kula da su. Na yarda. Me zai sa in ƙi yarda da 'yata?

Wata Talata na dawo daga awon hawan jini, na ce bari in biya in gan su. Ƙarfe sha ɗaya na safe ne. Na tarar da kwaɗo a ƙofa daga waje, na buɗe da mukullin da ta taɓa ba ni. Anti, suna ciki. Su biyu kwance a tabarma, tagogi a rufe, fanka na juyawa, tukunyar gas a kusurwa. Na ɗaga Lukuti, wuyansa ya langaɓe. Aku ta buɗe ido da ƙyar, harshenta ya yi nauyi. A kan firji na ga kwalbar maganin mura, irin mai sa barci, da cokali yana danƙo. Ba sai an gaya mini ba, na san warinsa. Da yarinyar ta wartsake ta ce mini Mama tana ba su mai zaƙi ne, sai su yi barci har ta dawo.

Da yamma 'yata ta durƙusa tana kuka. Ta ce maƙwabciyar ta tashi tun wata biyu, mai kantin kuma ya ce in ta sake zuwa da yara ya sallame ta. Ta rantse ba za ta ƙara ba. Na kwashe yaran na riƙe su sati uku, ban gaya wa kowa ba, na rufa mata asiri. Sai mijin ya dawo ya ce 'ya'yansa ba za su tashi a gidan surukai ba, ya zo ya ɗauke su.

Bayan ya sake tafiya na koma. An canja kwaɗo. Na buga, na kira sunayensu, shiru, sai ƙarar fanka. Na zauna a matakala har shida, telan da ke ƙasa ne ma ya kawo mini ruwa. Washegari na je ofishin kula da walwalar yara.

Sun sa ranar zuwa duba gidan, suka sanar da 'yata. Ranar gida tsaf, yara an yi musu wanka suna ta wasa. Sai 'yata ta buɗe jaka ta fito da takarda. Bara, bayan rasuwar mahaifinta, na yi ta fama da mantuwa, har na bar tukunya ta ƙone sau biyu. Ita ta raka ni wajen likita, ya ce baƙin ciki ne da rashin barci, kuma na warke. Na roƙe ta kada kowa ya ji. Ashe ta yi hoton katin ta ajiye. Shafin farko kawai ta nuna, inda aka rubuta yawan mantuwa. A gabana ta ce wa ma'aikaciyar da aka turo: “Ku yi haƙuri, Umma ta fara ruɗewa, abin da ba a yi ba take gani.” Matar ta dube ni da tausayi, ta rufe littafinta. Na gwammace a ce mari 'yata ta yi mini.

Yau wata biyu ke nan ta toshe lambata. Shin kaka tana da wani haƙƙi a doka? In fasa ƙofar in kwashe su? Ko in maka 'yar cikina a kotu? Ina son ta, amma na kasa manta muryarta a ranar.

Kakar yara biyu

*

Wa alaikumus salam, Mama. Ba ki ruɗe ba, kuma zuwanki ofishin nan daidai ne. Kin fi ni sanin abin da maganin barci yake yi wa ɗan shekara biyu, balle a ɗakin da aka kulle da gas a ciki.

Kada ki fasa ƙofa ki tafi da su. Yin haka zai iya mayar da ke mai laifi, ya kuma gaskata abin da aka ce a kanki. Amma duk ranar da kika tabbatar suna kulle su kaɗai, ki kira 'yan sanda ko jami'an walwala a take, ki tsaya a wurin har su zo su gani da idonsu.

Game da haƙƙi, doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A wurare da dama iyaye ne a gaba, kaka ba ta da ikon karɓar jika don kawai ita kaka ce. Sai dai kowa yana iya kai rahoton yaron da ke cikin haɗari, kuma kotu kan duba abin da ya fi zama alheri ga yaron. Ki nemi lauyan da ya san shari'ar iyali, ko ofishin taimakon shari'a in akwai kusa da ke, ki tambayi abin da dokar wurinku ta ce kan ziyara da riƙo na wucin gadi.

Kafin nan, ki koma wajen likitanki ya rubuta cikakken bayanin lafiyarki. Ki rubuta ranaku da lokuta da abin da kika gani. Ki tambayi telan nan ko zai faɗi abin da ya sani. Sannan ki koma ofishin, ki nemi shugabar ma'aikaciyar da aka turo, ki roƙi a kai ziyara ba tare da sanarwa ba. Kuma ki gaya wa uban yaran gaskiya, a rubuce. Ga alama har yau bai san dalilin da ya sa kika riƙe su ba.

Abin da 'yarki ta yi da katin cin amana ne, ba zan sassauta shi ba. Amma ki duba halinta: miji ba ya nan, aiki na neman kuɓucewa, ga tsoron a ƙwace mata 'ya'ya. A ganinta ke kika fara tona mata asiri. Wannan bai wanke ta ba, sai dai ya nuna ta inda za a shawo kanta. Ki aika mata ta bakin wanda take jin nauyinsa cewa yinin yaran kawai kike nema: ta kawo su da safe, ta ɗauka da yamma. In ta yarda, kotu ta zama ba dole ba. In ta ƙi, ki ci gaba, kada ki ji kin yi laifi.

Maganar ban haƙuri tsakaninku za ta iya jira, ta yaran ba za ta jira ba. Ki fara da likita gobe da safe. Allah Ya kare su, Ya sanyaya miki zuciya, Ya dawo miki da 'yarki.